Hannun Kawu a Aljihu

Kawuna, ƙanin Ummata, mai gyaran keken ɗinki ne. A layinmu Injiniya ake ce masa, Umma kuwa har gobe Auta take kiransa, duk da furfurar da ta cinye masa gefen kai. Na taso na gan shi a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu, dogon mutum marar hayaniya, mai tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko ruwa a faranti. Muna yara mukan ce in Umma ta aike shi sayen ashana, gara a je a ɗebo wuta a maƙwabta. Yana jin mu sarai. Ba ya tankawa, sai dai gefen bakinsa ya ɗan motsa, mu kuma mun san dariyarsa ke nan.

Aikinsa a shagon abokinsa yake, wani mutum da kowa ke kira Mai Tabarau. Shago ne siriri a layin teloli, kawunan kekuna jere a kan kanta, wasu sun shekara biyar masu su ba su waiwaye su ba. Akwai gwangwanin madara cike da noti, akwai tsumma da ya sha mai har ya daina shan wani. Kawu yana zama a benci bakin ƙofa. In tela ya kawo keke yana ta bayani, zare na tsinkewa, ɗinki na tsalle, sai Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Taka mu ji." Tela ya taka. Kawu ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce ƙoshiyar zaren ƙasa ce ta ci, ko bel ɗin da ke juya keken ya saki, ko an sa allura a karkace. Ban taɓa jin ya yi kuskure ba. Amma ba shi ke kwancewa ba. Mai Tabarau ne ke riƙe sukudireba, yana cewa, "Kunne nasa, hannu nawa, in aka haɗa mu an samu mutum ɗaya."

Dalili kuwa, hannun Kawu rawa yake yi. Ba ƙaramar rawa ba. In ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu, kuma Umma ba ta taɓa cika masa kofi. Ƙaramin noti in ya shiga tsakanin yatsunsa, sai a ƙarƙashin kanta za a neme shi. Mutumin da aka ce a da yana kwance kan keke ya mayar da shi kafin ruwan zafi ya tafasa, shekara goma sha bakwai bai ɗaura noti ɗaya ba.

Ina da shekara takwas ciwon ya same shi. Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Ya daina barci, ya riƙa amsa wa mutanen da ba mu gani, wata safiya kuma aka tarar ya kwance duk kekunan da ke shago ya baje su a ƙasa, wai akwai mai magana a cikin ɗaya. Manyan dangi suka kai shi wurare, wani wurin aka ɗaure shi a ƙafa, tabon na nan har yau. Umma ce ta je ta ɗauko shi da rigima, ta kai shi asibiti, ya yi wata uku a kwance. Kakarmu tana ciwon ajali a lokacin. Ta riƙe hannun Umma ta ce, "Ga Auta nan. Kada ki bari a sake kulle min shi." Umma ta ce ta ɗauka. Wanda ya san Ummata ya san in ta ce ta ɗauka, ko dutse ne sai ta kai shi gida.

Maganin asibiti ya yi aiki, wannan ba a musu. Muryoyin suka tafi, barci ya dawo. Kawu ya zama Kawun da na sani, shiru-shiru, fuska ba yabo ba fallasa. Bayan shekara biyu rawar hannun ta fara.

Umma tela ce, kuma duk rigunan Kawu ita ke ɗinka su. Na girma ina ganin aljihunsa ya fi na kowa zurfi, har nakan tsokane shi ko buhun hatsi yake shirin ɓoyewa. Sai da na yi hankali na gane dalili. A ganin Umma, rawar hannun nan sauran ciwon ne bai gama fita ba. Idan likita ya gani, zai ce bai warke ba, ya sake kwantar da shi, a rufe ƙofa. Don haka duk ranar asibiti, tun daga bakin titi take cewa, "Auta, hannu." Shi kuma ya zura su cikin aljihu.

Ranar asibiti Talata ce, sau ɗaya a wata biyu. Umma ta san wurin kamar tafin hannunta. Ta san bencin da fanka ke kaiwa, ta san mai ba da kati da sunayen 'ya'yansa, ta san in ka wuce ƙarfe bakwai da rabi mutum hamsin na gabanka. Likitoci goma sha ɗaya ta ƙirga sun zo sun tafi. Kowanne da tarin fayil a gabansa da jama'a a bayan ƙofa, in ya ɗago ya ce, "Yaya jikin?" kafin Kawu ya haɗiye yawu Umma ta amsa:

"Lafiya lau, Likita. Yana ci, yana barci, ba ya faɗa da kowa, yana shan magani."

Abu huɗu, kullum a jere haka, ba ta taɓa sauya musu wuri ba. Likita ya rubuta a ci gaba da magani, ya ce Allah ƙara sauƙi. Minti uku sun fito. Ba na ganin laifin likitocin sosai. In mutum na da sittin a layi, ga kuma mai rakiya ta kawo masa amsa a wanke, ai godiya zai yi.

Ni ban cika bin su ba. Malamar firamare ce ni, kuma Talata ina da aji. Amma bara gwiwar Umma ta matsa mata, hawa mota da sauka sai da mai riƙewa, sai na nemi izini na raka su. Ranar muka tarar da sabuwar likita, 'yar siririya, da ƙyar in ta girme ni. Umma ta dube ta sama da ƙasa, ta raɗa min, "Wannan ta gama makarantar kuwa?"

Likita ta gaishe mu, ta ce yaya jiki, Umma ta sauke abubuwanta huɗu. Likita ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Madalla, Mama, na ji naki." Sai ta jawo wata takarda mai tambayoyi, ta ɗora biro a kai, ta tura gaban Kawu.

"Baba, wannan kai za ka cike min. Ba jarrabawa ba ce. Yadda kake jin jikinka ne da maganin."

Umma ta miƙa hannu. "Kawo in cike masa, 'yata, kada mu ɓata miki lokaci. Na san komai."

"Na san kin sani, Mama. Amma wannan nasa ne. Yana karatu, ko?"

"Ya fi ni," in ji Umma, ranta bai so ba.

Kawu ya dubi takardar, ya dubi Umma. Umma ta kafe shi da ido, irin kallon da ni na san ma'anarsa tun ina rarrafe. Ya daɗe a haka. Sannan ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗauki biro. Bakin biron ya shiga buga tebur, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har na ji kamar in tashi in riƙe masa.

Likita ba ta nuna mamaki ba. Ta ce ya fito da ɗayan ma, ya miƙa su gaba. Ta zagayo ta kama gwiwar hannunsa, ta lanƙwasa ta miƙar, ta lanƙwasa ta miƙar. Ta ce ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Duk wannan Umma na cewa, "Gajiya ce. Jiya ya yi aiki da yawa. Ba kullum ba ne." Likita ta koma ta zauna.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekara goma sha bakwai," in ji Kawu. "Watan da aka ƙara min ƙwaya ta biyu. Da aka ƙara ta uku kuma ƙafa ta yi nauyi."

Na juya na kalle shi. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan da baƙo ba.

"Kana ganin maganin ne?"

"Ni dai a aikinmu, in ka taɓa wuri ɗaya keke ya fara sabuwar ƙara, ka san inda za ka koma ka duba."

Likita ta yi murmushi, ta ce ai ya gama mata aikin. Sai ta tambaye shi abin da ni ma ke cin raina: me ya hana shi faɗa duk shekarun nan?

Kawu ya sunkuyar da kai. "Ba a tambaye ni ba. Kuma Yaya ta riga ta ce lafiya lau. Ba zan ƙaryata ta a gaban baƙo ba."

Ban iya kallon Umma ba a lokacin. Gefen mayafinta kawai nake gani, tana murza shi da yatsa.

Likita ta yi mana bayani a tsanake, kuma Kawu take kallo tana yi. Ta ce rawar hannu da nauyin jiki da wannan sanyin fuska ba ciwon ba ne, sanannun illolin irin maganin da yake sha ne, musamman in an daɗe ana shan mai yawa. Ta ce babu wanda zai kwantar da mutum don hannunsa na rawa. Ta ce binciken da ake ta yi a shekarun nan ya sa an sauya salon aiki: an lura marasa lafiya da yawa ba sa faɗin abin da magani ke yi musu sai an tambaye su kai tsaye, shi ya sa aka fito da takardar nan. Kuma yanzu ana ƙoƙarin a nemo mafi ƙarancin maganin da zai riƙe mutum, a kuma yanke shawarar tare da shi. Hanya biyu ce a gabansa. Ko a bar komai yadda yake, ko a riƙa rage wannan a hankali cikin watanni, in ta kama a musanya da wani. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ciwon na iya motsawa. Ta ce wancan maganin ma da nasa halin, yana sa ƙiba, sai an riƙa gwada jini. Ta ce rawar na iya raguwa, ba lallai ta tafi duka ba. Abu ɗaya ta nanata har sau uku: kada ya kuskura ya daina sha da kansa.

"A bar shi yadda yake," in ji Umma. "Shekara sha tara muna zaune lafiya. 'Yata, ke ba ki ga abin da na gani ba."

"Gaskiya ne, Mama, ban gani ba. Baba, kai me ka ce?"

Kawu ya ce a ba shi mako biyu ya yi tunani.

Da muka isa gida Umma ta shige ɗakin ɗinkinta ta hau keke, ta yi ta takawa kamar da shi suka yi faɗa. Ni kuwa bakina ba ya iya zama wuri ɗaya, wannan kowa ya shaida. Na bi ta ciki na ce mata ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ta bar mutum da jikinsa. Na ce ta mayar da ƙato mai furfura jariri. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba.

Ta tsayar da keken. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Ranar da na je ɗauko shi," ta ce, "kwanansa goma sha ɗaya a ɗaure. Ƙafar ta kumbura ta rufe ƙarfen. Da ya gan ni bai gane ni ba, ya ce baiwar Allah, don Allah in kin san Yayata ki gaya mata inda nake. Ke kina gida kina wasan 'yar tsana. In aka taɓa maganin nan ya koma can, ke za ki je ki ɗauko shi?"

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ni ban taɓa tsayawa na tambayi girman macijin ba. Na fita a sanyaye, kunya ta ishe ni. Har yanzu ina ganin gaskiyata a maganar, sai dai ban faɗe ta yadda ya kamata 'ya ta faɗa wa uwa ba.

Mako biyun nan Kawu bai sauya komai ba. Ya tafi shago da safe, ya dawo da la'asar. Mai Tabarau ne ya tare ni a hanya ya ce, "Malama, me kuka yi wa Injiniya? Jiya na gan shi ya ɗauki sukudireba yana ta jujjuya ta, kamar wanda ya haɗu da tsohuwar budurwa." Na ce ya tambaye shi mana. Ya ce, "Tambaya? Ai ni shekara nawa muna tare, ban taɓa..." Sai ya gyara tabaransa, ya ce bari ya koma shago.

Ana gobe za a koma asibiti, bayan la'asar, Kawu ya yi sallama a ƙofar ɗakin ɗinki da takarda a hannu. Ina ciki ina taya Umma sa maɓalli. Ya zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki, ya miƙa mata. Rubutun a karkace yake, layi na hawa kan layi, da gani ya ci masa kwanaki.

"Yaya, ina so a gwada," ya ce. "Amma ga wannan. Abin da ya fara zuwa ne wancan karon, kafin kowa ya lura. Ni na san su."

Umma ta sa tabarau ta karanta a fili, a hankali. In na kwana biyu ban yi barci ba. In na fara rufe taga da rana. In na daina zuwa shago ba dalili. In kin gan ni ina sauraron abin da ba ki ji ba.

"In kin ga ɗaya daga ciki, ki kai ni wurin Likita, ko na ce ba na so. Na ba ki wannan. Amma asibiti kaɗai, kuma ki bar ni in yi bayani da kaina in muka je."

Umma ta ninke takardar gida huɗu.

"In na ce a'a fa?"

"To sai na sake roƙon ki, Yaya."

Ta tura takardar cikin aljihun keke, inda take ajiye allurai masu tsada. "Allah ya sa alheri," ta ce, ta koma kan ɗinkinta. Maɓallin da ta sa bayan nan sai da na cire na sake sawa.

Abin ya ɗauki lokaci fiye da yadda na zata. Ni a tunanina wata ɗaya za mu ga Kawu na tsalle. Ina! Likita ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, rabin ƙwaya sai a yi makonni a kai, kuma zuwa asibiti ya koma duk mako uku. A ɗakin likita Umma ta koyi zama a kujerar baya. Ba da sauƙi ba. Nakan ga bakinta ya buɗe, sai ta danne shi da gefen mayafi kamar mai tari. Kawu kuma ya koyi amsawa. Amsarsa ba ta sauri, kuma Likita ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, ko da layi ya kai bakin titi.

A gida Umma ta zama mai gadi. In Kawu ya tura taga don rana ta dame shi, sai ka gan ta a ƙofa, wai tsintsiya take nema. Wata rana ya tsaya a tsakar gida ya karkata kai, Umma ta saki kwanon da ke hannunta. Ya ce, "Yaya, kekenki ne nake tunani. Tun jiya nake jin bel ɗin na kuka." Muka yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga hannunta a ƙirji.

A wata na uku abin da take tsoro ya leƙo. Ranar wata Alhamis da safe ina shirin makaranta, Kawu ya fito da rigarsa ta fita, idonsa ja. Ya tsaya a ƙofar kicin.

"Yaya, kwana biyu ke nan ban yi barci ba. Kuma jiya na ji kamar ana kiran sunana a bayan ɗaki. Ɗauko mayafinki."

Umma ba ta ce ai na faɗa ba, ko da yake na ga maganar ta zo mata har maƙogwaro. Suka tafi. Likita ta ce an yi saurin sauka a matakin ƙarshe, ta mayar da shi baya kaɗan, daga nan ta fara musanya masa da ɗayan maganin. Ba a kwantar da shi ba. Da azahar suna gida. Umma ta shiga ɗaki ta yi barcin da ban taɓa ganin ta yi da rana ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Wajen wata na bakwai na lura Kawu ya riga ni isa bakin titi, abin da bai taɓa faruwa ba. Fuskarsa ta saki, ashe yana da dariya mai sauti, irin ta Umma sak. Ya ƙara ƙiba, har Mai Tabarau na cewa benci ya fara kai ƙara. Hannun dama ya lafa sosai. Na hagu bai daina ba, kuma Likita ta ce watakila haka zai zauna. Ranar da ya fara ɗaura noti da kansa ba na wurin. Mai Tabarau ya ce ya ɗauke shi kusan minti goma, teloli uku na tsaye babu mai numfashi, da ya gama kuma sai ya miƙa hannu a ba shi na biyu. Yanzu ƙananan gyare-gyare shi ke yi, masu wuyar sai su haɗu. Bai koma yadda aka ce yake a da ba. Shekararsa arba'in da shida, ido ma ya fara neman tabarau.

Ni na ɗauka shi ke nan, labari ya yi daɗi. Amma na lura tun da hannun Kawu ya fara dawowa, Umma ta rage magana. Takan tsaya ta kalle shi yana wanke baƙin mai a famfo, ta daɗe, sannan ta wuce.

Wata Asabar da yamma muna tsakar gida mu uku. Umma na kalmasa bakin zane da hannu, ni ina duba littattafan 'yan ajina, Kawu ya dawo daga shago yana goge yatsunsa da tsumma. Ba tare da ta ɗago ba ta ce:

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Zan tambaye ka abu, kada ka rufa min. Duk zuwan nan da muka yi, da na yi shiru na bar ka da likita, da ka faɗa?"

Kawu ya daina goge hannu. Na ga allurar Umma ta tsaya a cikin zane. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Haba Umma, ai abin da ya wuce ya wuce, Kawu ma ya san don..."

Ta ɗaga min hannu. "Bar shi. Shi na tambaya."

Muka jira. A waje wani na tura baro, ƙafar na kuka, har ya wuce ƙarshen layi Kawu bai yi magana ba.

"Shekara biyar ɗin farko na rawar hannun, a'a," ya ce. "Tsoro nake ji kamar yadda kike ji. Ko an tambaye ni ba zan faɗa ba. Kuma da ba ki tsaya min ba a lokacin, da ban kai ko'ina ba, wannan Allah ya sani."

"Bayan nan fa?"

"Bayan nan, da na faɗa, Yaya."

Umma ta gyaɗa kai. Na ga leɓenta na motsi, tana lissafi.

"Sha biyu ke nan," ta ce.

Na so ƙwarai ya ce mata a'a, ba su kai ba, ko ya ce ba komai. Bai ce ba. Ya ajiye tsumman, ya jawo kujerarsa kusa da tata ya zauna. Umma ta sunkuya kan zanen za ta ci gaba da kalmasa, amma ta kasa ganin inda allurar za ta shiga. Suka zauna a haka su biyu har rana ta sauka daga kan katanga, ni kuma na tattara littattafaina na ba su wuri.